Wandon da Na Ƙi Wankewa Wata Tara

Ranar Asabar ɗan yayata ya shigo gaishe ni, sanye da wandon jins mai duhun shuɗi, yana tafiya a wage saboda taurin yadin. Ban tambaye shi ba ya fara bayani: "Kawu, wannan ɗanye ne, tun daga masaƙa bai ga ruwa ba. Sai na yi wata shida ina sa shi kafin a wanke." Na dubi tafin hannunsa, ya rine da shuɗi. Gabana ya faɗi, domin irin maganar nan na taɓa faɗa wa Hajiyarmu da bakina, shekara 12 da suka wuce.

Nawa na saye shi ina karatu a Malesiya. Ɗinkin Japan ne, daga Kojima ta yankin Okayama, garin da ya yi suna wajen jins, kuma kuɗin abincina na wata guda ya tafi a kansa. Abin da ya ja ni gaskiya ne, har yau ban ƙaryata shi ba. Yadin jins zare iri biyu ne. Na tsaye ake rinawa da shuni, na kwance a bar shi fari, shi ya sa cikin wandon ya fi bayansa haske. Shunin kuma ba ya ratsa zaren. Ana tsoma shi, a fito da shi ya sha iska, a sake tsomawa, launin ya yi ta hawa a fatar zaren alhali tsakiyarsa tana nan fara fat. Duk inda wandon ya gogu sai shunin ya kankare, farin ya leƙo. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadi ya fito daga karofi kore-kore, iska ta buge shi ya juya shuɗi, ya san rinin da nake nufi. Shi ne ke barin shuɗi a goshin Buzu mai rawanin ɗan Kura. Sai dai yawancin jins na yanzu da shunin masana'anta ake rina su, wanda Jamusawa suka fara sayarwa a 1897, ba da ganyen baba ba.

Na dawo Kano da shi cikin watan Maris, zafi na kan ganiyarsa, na ɗaura aniyar ba zan wanke ba. Satin farko ya ɓata farar kujerar ɗakin Hajiya da bakin farar rigata. Ta yi faɗa, na ce ta yi haƙuri, ba ta gane ba ne. Wannan kalma ta "ba ki gane ba" tana cikin abin da ke damuna har yanzu.

Amma wajen wata na huɗu wandon ya fara magana, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi kyau. Layuka farare suka fito a saman cinya inda yake naɗewa in na zauna. Bayan gwiwa ya yi zane kamar saƙar zuma. Aljihun dama ya fitar da siffar wayata, har kusurwoyinta huɗu. Gwiwoyin biyu suka yi haske saboda sujada sau biyar a rana, ƙafar dama kuma ta fi ta hagu koɗewa a ƙasa saboda tayar da babur. Babu mai irin wannan wando a duniya sai ni, tun da babu wanda ya zauna zamana ko ya bi hanyoyina. Na kasuwa da duwatsu da sinadari ake koɗar da su a masana'anta, zane ɗaya ga mutum dubu. To in mutum ya so abin da jikinsa ya zana da kansa, laifi ne? Ban ga laifi a nan ba.

Laifin yana wani wuri. Wandon ya fara wari, na sani, na yi kamar ban sani ba. Na ji an ce a sa shi a firiza, na naɗe shi a leda na cusa kusa da naman miya. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin da ke kawo warin, kwantar da su kawai yake yi, da ɗumin jiki ya taɓa su sai su farka. Wata La'asar wani dattijo da ke kusa da ni a sahu ya jira aka yi sallama, ya riƙo hannuna ya ce a hankali, "Samari, a riƙa duba sutura in za a shiga mutane." Ban iya ɗaga kai ba. Duk da haka ban wanke ba, na ce saura kaɗan. Har samfefa na ɗauka na goge cinyoyin don farin ya yi saurin fitowa, wurin ya yi wani fari mara fasali da kowa zai gane na hannu ne. Wannan kam ba ni da hujja a kansa.

A wata na tara ina ɗaga ƙafa zan hau babur, hantsar ta yage. Telan da na kai wa ya murza wurin da yatsa, zaren yana marmashewa. Ya ce ƙurar hunturu da gishirin gumi ne suka shiga tsakanin zaren suka yi ta cin sa kamar yashi. Da na jiƙa shi, ruwan ya fito baƙi ƙirin, wandon kuma ya tsuke ya hau saman idon sawu, saƙar zuman ta bar bayan gwiwa ta koma sama. Ashe nawa irin wanda ba a tsuke yadinsa a masana'anta ba ne, kuma irin wannan yakan ragu har kusan kashi ɗaya cikin goma a wankin farko. Tun ranar da na saya ya kamata in jiƙa shi.

Na so in jero wa yaron nan shawara goma. Da na buɗe baki, kaɗan suka fito.

Ka wanke wandonka. In ya yi datti ko ya fara wari, ka juya cikinsa waje, ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ban da bilic, ban da burushi, ka shanya a inuwa. Dokar wata shida ta mutanen ƙasashen sanyi ce, ko su ba duka suke bin ta ba. Tun 1873 da Levi Strauss da Jacob Davis suka yi rajistar wandon mai ƙusoshin tagulla a Amurka, na leburori ne da masu haƙar ma'adinai, aiki ne ya koɗar da nasu. Ku kuwa 'yan yanzu kuna kwance kan katifa kuna latsa waya, kuna jiran wando ya yi zanen mai aiki don ku ɗauki hoto. Wasunku ma yagagge suke saye da kuɗin iyayensu.

Amma kada ka miƙa wa mai wanki da guga a satin farko ya dirje shi da garin sabulu, zai koɗe bai ɗaya, kuɗinka sun tafi a banza. Ka ɗan jira, wata ɗaya ko biyu. Na san yanzu na ce ka wanke. Hancinka zai gaya maka lokacin, in ka saurare shi. In son samu ne ma kada ka saya, zafin garin nan ba na yadi mai nauyin oza 14 ba ne. Tun da ka riga ka saya, da zarar hantsa ta fara sirancewa ka kai wa tela ya yi mata faci ta ciki kafin ta ɓarke.

Ya ce "To, Kawu," idonsa na kan waya. Na ce ya dawo ranar Juma'a in ciro masa nawa daga akwati ya ga hantsar da idonsa. Bayan ya fita na ga inda ya durƙusa a kan farar dardumata, tabo biyu shuɗɗa, daidai gwiwoyinsa.