Abin da kifin Wudil ke gaya wa mai banda

Sana'ata bandar kifi ce. Ina saro ɗanye daga hannun masunta a Wudil, yarana su feɗe su wanke, mu jera a kan waya mu kunna wuta. Kafin ciniki ina duba kifi, domin ruwan da ya biyo ta Wudil ya sha hanya. Kogin Kano ya taho daga madatsar Tiga, kogin Chalawa kuma ya ratso ta gefen unguwar masana'antu, ya kwaso har da abin da rafin Salanta ya ɗauko daga Sharaɗa. Kamfanonin jima da ke can suna aiki da sinadarin kuromiyom, wani ƙarfe mai guba, kuma idan ba a tace ruwansu ba, kogi yake gangarowa.

Abu na farko, ina ɗaga murfin kunnen kifi in duba jan naman da yake numfashi da shi. Na lafiyayye ja ne wur, silinsa a rarrabe. Idan ya koɗe, ko ya yi ruwan ƙasa, ko yauƙi ya manne silin wuri guda, to kifin nan ya sha wuya a ruwa. Amma sai a kan mai rai ko wanda aka fito da shi yanzu ake wannan hukunci, don kwanannen kifi ma kunnensa yana sauya launi. Daga nan sai in shafa jiki, in ga ko akwai gyambo, ko jela ta zagwanye, ko ƙashin baya ya karkace. Wajen fiɗa kuwa hanta nake nema. Mai kumburi, mai fari-fari, wadda ke marmashewa a yatsa, alama ce da ba na wasa da ita. Kifi ɗaya ba ya zama hujja. Idan na ga rabin kwando haka, sai in tambayi masunci: "Malam, a ina ka jefa koma yau?" Mafi yawansu suna faɗa mini gaskiya, domin abin ya fi damunsu.

Tarwaɗa ce ke ruɗin mutane. Tana iya shaƙar iska daga sama, saboda haka tana rayuwa a ruwan da sauran kifaye suka gudu suka bari. Mai saye ya ganta tana wutsil-wutsil a baho, sai ya ce ai ruwan lafiya lau. Ni kuwa abin da babu a kwandon nake lissafawa. Wurin da aka saba samun kawara da tsage da giwan ruwa, yanzu sai tarwaɗa da 'yan ƙananan karfasa, wurin nan ya lalace ko da idonka ya ga ruwan garau. Haka kuma idan masunta suka ce da asuba karfasa na tasowa saman ruwa tana buɗe baki, iskar cikin ruwan ce ta yi ƙaranci.

Lokaci biyu na fi tsoro: tsakiyar bazara, da ruwa ya janye dattin ya yi kauri, sai kuma ruwan farko na damina, mai wanko duk abin da ya kwanta a magudanai. A lokacin ne ake wayar gari kifi ya taso matacce, wasu su kwashe su kawo da arha. Ba na saya. Haka na masu zuba gamalin, wato maganin ƙwari mai guba, a ruwa. Hayaƙi yana busar da kifi, ya ba shi launi da ƙamshi, amma ba ya cire gubar ƙarfe daga jikinsa. Ita ta fi taruwa a hanta da kunne da ƙoda, shi ya sa a wurina ba a barin kayan ciki, ko yaro ya roƙa ya kai gida.

Ido yana da iyaka. Kifi na iya ɗauke da dalma ko kuromiyom jikinsa sumul, sai ɗakin gwaji ne zai gano. Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA domin sa ido kan ƙa'idojin muhalli, jami'o'inmu kuma suna da kayan awo. Abin da nake roƙo shi ne su riƙa zuwa bakin kogi a Wudil da Tamburawa, da madatsar Wasai inda kogin Jakara ke juye ruwan birni, su ɗauki kifi daga kwandon masunta a kai a kai, sannan su gaya wa sarakunan ruwa sakamakon da Hausa. Mu da muke feɗe kifi kullum za mu iya nuna musu gaɓar da za su fara ɗiba.