Godiya ga abokan dirar Yaya

Salamu alaikum. A madadin Mama da matar Yaya da yaransa da mu ƙannensa gaba ɗaya, ina so in yi godiya ga abokansa masu dirowa daga jirgin sama da laima. Tun ranar da Yaya ya rasu a wajen dira nake son rubuta wannan amma da na ɗauki waya sai hannuna ya kama rawa, yau dai na ce ko yaya ne sai na rubuta.

Farko dai mun gode da gaskiyar da kuka faɗa mana. Mutane sun yi ta yaɗa cewa wai laimarsa ce ta ƙi buɗewa, wasu har a Facebook, kuma wallahi wannan maganar ta hana Mama barci don kullum tunaninta yadda ya faɗo tun daga sama yana ji yana gani. Ku ne kuka zo kuka zauna da ita kuka yi mata bayani dalla-dalla, cewa laimarsa ta buɗe lafiya lau, ta ko-ta-kwana ma tana nan a naɗe ba a taɓa ta ba, wajen sauka ne ya yi kwana yana dab da ƙasa, kuma ita laima in ta yi kwana nutsewa take yi da gudu, tana bukatar tazara kafin ta daidaita, shi kuma tazarar ba ta ishe shi ba. Kun ce da yawa daga haɗurran wannan wasa a nan suke faruwa, har ga ƙwararru. Maganar da ɗaci amma ta fi mana jita-jita sau dubu. Kwana ne ya ƙare, mun karɓa.

Sai dirar da kuka yi dominsa. Ni ban taɓa zuwa filin ba sai ranar, kuma da aka ce mu ɗaga kai mu duba ba abin da na gani sai ɗigo-ɗigo, don jirgin ya kai wajen ƙafa 13,000, kusan mita 4,000 kenan. Sai da mai kyamara a hular kwano ya nuna mana bidiyon na gane abin da kuka yi. Kun fito daga ƙofar jirgi kuna faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa, lokacin da kuke da shi kafin kowa ya ware ya buɗe laimarsa bai fi minti ɗaya ba, amma a cikin wannan ɗan lokacin kuka lallaɓo kuka kama hannun juna kuka yi zobe, kuka bar gurbi ɗaya ba kowa, nasa. Mutum biyun da ke gefe da gefen gurbin sun miƙa hannuwansu haka nan ba wanda ya kama. Matarsa sai da aka riƙe ta. Ni kam na kalli bidiyon nan har ban san adadi ba, yaransa kuma kullum sai sun ce a kunna musu su ga wurin Abba.

Mun gode wa matuƙin jirgin da ya ƙi karɓar komai, da masu naɗe laima da suka yini a durƙushe suna aiki, da waɗanda suka fara isa wurinsa ranar suka yi iya ƙoƙarinsu har motar asibiti ta zo, na san abin yana nan a ranku, dan Allah kar ku ɗora wa kanku laifi, mu ba mu riƙe kowa ba.

Akwai wata baiwar Allah da ta same ni tana kuka ta ce Yaya ne ya tsaya mata har ta cika dira 25 ɗin da ake nema a wajensu kafin a ba mutum lasisin farko, kuma ko sau ɗaya bai taɓa bari ta hau jirgi ba sai ya duba mata madaurai da hannayen buɗe laima ɗaya bayan ɗaya. A gida mun san shi da barkwanci da rashin son zama wuri ɗaya, wannan natsuwar tasa a wajenku muka ji labarinta, kuma gaskiya ta ƙara mana son shi. Littafinsa da yake rubuta kowace dira ma kun dawo mana da shi, kun cike shafin ƙarshe da sa hannunku kaf. Yana wajen Mama, ta hana kowa fita da shi daga ɗakinta.

Waɗanda suka kira ko suka turo saƙo ba mu samu amsawa ba ku yi haƙuri, mun gani, sun yi yawa ne. Roƙona ɗaya, duk mai hoto ko bidiyon Yaya, ko a cikin jirgi ne ko a ƙasa yana naɗe laima yana surutunsa, dan Allah ya turo min ko da bai fito sosai ba, yaran nan ƙanana ne, muna tara musu.

Allah ya jiƙan Yaya ya gafarta masa. Ku kuma Allah ya saka da alheri, ya sauke ku lafiya duk lokacin da kuka hau.