Abin da nazarin yaran Sifaniya ya gyara mini game da ƙiba

A shekarar da nake karatun kiwon lafiyar al'umma, malaminmu ya raba mana ƙasashe domin kowa ya yi nazarin lafiyar yaransu, ni kuwa Sifaniya ce ta faɗo a kasona. Na karɓi aikin ina zaton ba zan tarar da wata babbar matsala ba, domin ƙasa ce da ta yi suna wajen cin man zaitun da kifi da kayan lambu, kuma ƙwallon ƙafa ya shiga jinin mutanenta. Ban da haka, na taso ina ganin ana yi wa yaro mai jiki kallon ɗan hutu, saboda haka na ɗauka ƙiba cuta ce ta gidan masu hali.

Binciken ALADINO, wanda hukumar kula da abinci ta ƙasar ke gudanarwa a kan yara masu shekara 6 zuwa 9, shi ne ya fara warware mini wannan zato. A shekarar 2019 ya nuna cewa nauyin kashi 40.6 cikin ɗari na yaran ya wuce kima, kuma kashi 17.3 sun kai matakin ƙiba sosai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka karkasa alƙaluman bisa samun iyaye, domin a gidajen da kuɗin shigarsu bai kai Yuro 18,000 a shekara ba, yawan yara masu ƙiba ya kusa ninka na gidajen da ke samun fiye da Yuro 30,000. Da na zauna na yi tunani sai dalilin ya fito fili: kayan zaƙi da lemon kwalba sun fi kifi da 'ya'yan itace araha, shiga ƙungiyar wasanni yana buƙatar kuɗi, kuma uwar da ta wuni wurin aiki ba ta da sukunin raka ɗanta filin wasa da yamma.

Ta fuskar motsa jiki kuwa, gidauniyar da 'yan'uwan nan biyu tsoffin 'yan wasan ƙwallon kwando, Pau da Marc Gasol, suka kafa ta gudanar da binciken PASOS a 2019 a kan yara masu shekara 8 zuwa 16. Fiye da shida cikin kowane goma ba sa cika minti 60 na motsa jiki a kullum kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, 'yan mata sun fi maza ƙarancin motsi, kuma abin yana daɗa taɓarɓarewa yayin da yaro ke shiga ƙuruciyar samartaka. A ranakun ƙarshen mako, kusan takwas cikin goma suna wuce awa biyu a gaban waya ko talabijin. Daga nan na fahimci dalilin da ya sa masana ke auna yawan zama daban da yawan motsi, tunda yaro yana iya buga ƙwallo na awa ɗaya sannan ya shafe sauran yininsa a kan kujera.

Akwai wani sakamako da ya sosa mini rai ƙwarai, domin na ga kaina a cikinsa. Kusan tara cikin goma na iyayen yaran da nauyinsu ya ɗan wuce kima sun ce 'ya'yansu daidai suke. Ba sakaci ba ne ya jawo haka, a ganina. Idon da ya saba da abu yakan daina ganinsa, musamman idan yaran maƙwabta ma haka suke.

Gwamnatin ƙasar ta fara shirin NAOS, na inganta cin abinci da motsa jiki domin hana ƙiba, tun 2005, sannan a 2022 ta fitar da wani tsari na rage matsalar da kashi ɗaya cikin huɗu kafin 2030. Binciken ALADINO na 2023 ya nuna adadin yaran da nauyinsu ya wuce kima ya sauka zuwa kashi 36.1, sai dai sauƙin bai kai gidajen masu ƙaramin ƙarfi yadda ya kamata ba. Wannan ne ya sa na sauya tsarin rahotona gaba ɗaya: na cire babin da na fara rubutawa a kan kwaɗayin yara, na maye gurbinsa da bayani a kan farashin abinci, da kuɗin shiga wasanni, da nisan da ke tsakanin gidan yaro da filin da zai iya gudu a cikinsa.