Firogiram guda, suna ukku: abin da na gani

Watannin baya na rubuta wani ɗan firogiram da Python saboda yaran da muke aiki tare nan Sakkwato, su huɗu ne, ɗaliban Danfodiyo, kullum sai sun bugo min waya ko da tsakar dare, Malam ya ake saita sabar (kwamfutar da ke yi ma sauran hidima), Malam ina bayanin bakof (ajiyar kwafin bayanai) yake. Na ce to bari in tara bayanan wuri guda kowa shi duba da kanshi.

Dabarar da ta burge ni ita ce ta mandoc, firogiram ɗin nuna shafukan bayani na OpenBSD, wani tsarin tafiyar da kwamfuta. Can umarnin nan ukku, man da apropos da whatis, duk fayil guda ne, in ka kira shi da man shi buɗe maka shafin bayani, in ka ce apropos shi yi bincike, in ka ce whatis shi ba ka layi guda, abin da kawai yake dubawa shi ne argv[0], wato sunan da anka kira shi da shi. BusyBox, wani firogiram guda mai aikin umarni da yawa, ita ma haka take. Sai na yi nawa: bayani, nemo, taƙaice, biyun ƙarshe symlink ne zuwa na farko, wato sunaye ne kawai masu nuni zuwa gare shi. Kan laftof ɗina ya yi aiki lafiya lau.

Matsala ta hwara ranar da wani daga cikinsu ya kwashe a filash ya tahi Mabera da shi. Filash ɗin mai tsarin ajiya na FAT32 ce, ba ta riƙe symlink, nemo da taƙaice ba su bi shi ba. Wani kuma ya aje tsohon ya sa ma sabon suna bayani2 don shi gwada su biyun, firogiram ya duba suna bai gane ba ya yi shiru, ko kuskure bai nuna ba, yaron nan ya kwana yana zaton shi ya ɓata wani abu. Wallahi wannan ta dame ni, don kayan da anka yi don su bayyana ma mutum abu bai kamata su ne za su rikita shi ba.

Daga baya na ga ƙa'idojin rubuta firogiram na GNU, wani babban shirin manhajoji masu 'yanci, sun hana aikin firogiram shi dogara da sunanshi ƙarara, sun ce a yi amfani da zaɓi, wato 'yar alamar da ake ƙarawa bayan umarni, maimakon suna. Kuma man ɗin kanshi yana da -k na apropos da -f na whatis. BusyBox tana da uzuri, cikin rauta, na'urar rarraba intanet, take zama inda wuri ya yi ƙaranci. Mu ba mu da wannan uzurin.

Yanzu bayani -k ke bincike, bayani -f ke taƙaitawa, ko wane suna ka laƙa mishi aikinshi guda. Nemo na nan don yaran sun saba, amma ya koma sikirif, wato ɗan fayil na umarni, mai layi biyu da ke kiran bayani -k, kuma filash na ɗaukar shi.