Ƙafar Yaya ta Hagu

Talata, da dare.

Da safe ina taimaka wa Yaya ta tashi zaune sai na ga ƙafarta ta hagu ta fi ta dama kauri, ga zafi rau. Ta ce, "Bar shi, ƙanwata, kwanciya ce ta yi yawa." Ban bari ba, muka koma asibiti. Hoto ya nuna gudan jini a jijiyar cinyarta.

Tunda aka ce mana kansar ƙwan mace ce, hankalinmu duk yana kan ƙarin da ke cikinta. Ashe ciwon har jini yake taɓawa. Likita ta zaunar da ni ta yi mini bayani: ƙarin yana sakin sinadaran da ke sa jini saurin daskarewa, shi da ruwan da ke taruwa a ciki suna danne jijiyoyin ƙugu, sannan ga tiyata, ga kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ga doguwar kwanciya. Ta ce tun 1865 wani likitan Faransa, Armand Trousseau, ya bayyana alaƙar kansa da daskarewar jini. Tsohon ilimi ne, kuma a ganina ya kamata duk mai jinya ya ji shi tun ranar farko.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu, numfashi ya yi wuya, ƙirji ya ɗau ciwo. Don haka ta hana mu matsa ƙafar, ni da na saba yi mata tausa. Wani gudan kuma a jijiyar ƙwaƙwalwa yake tsayawa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Idan baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, sai asibiti nan take, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, domin maganin narkar da gudan yawanci cikin awa huɗu da rabi ake bayar da shi.

An fara mata allurar hefarin a fatar ciki, ta tsinka jini. Gobe za a koya mini yi da kaina. Da yake allurar tana iya jawo zubar jini, an ce in sa ido kan haɓo, jinin dasashi da baƙin bayan gida.

Da yamma ta ɗan taka zuwa bakin ƙofa tana riƙe da kafaɗata, kamar yadda aka umarta. Allah ya ba ki lafiya, Yaya.