Daga Kufan Surame Zuwa Zauren Kakana

A daminar da ta wuce ne zauren kakana ya faɗi, a ƙauyenmu da ke bakin fadama tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, bayan an kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Babu wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi, domin tun da aka ga bangon gabas ya tsage aka hana samari kwana a ciki. Amma da na iso washegari na tarar da azara a ƙasa, tubalan da aka jera tun kafin a haifi mahaifina sun jiƙe sun koma taɓo, ga kuma ɓawon siminti a warwatse kamar fasasshen kasko, sai na san cewa ba ruwan sama kaɗai ke da laifi ba. Mu ne, ni da 'yan'uwana, muka haɗa kuɗi shekaru bakwai da suka wuce muka sa aka yi wa zauren filasta, muna ganin mun raba gidan da wahalar yaɓe ke nan.

Wani dattijon magini, wanda ya yi aiki a gidan tun yana yaro mai miƙa wa ubansa ƙasa, ya zo yi mana jaje. Ya ɗauki guntun simintin ya juya shi, ya nuna mini hanyoyin gara da suka yi zane a bayansa. Na ce, "Baba, ashe ba mu kyauta ba?" Ya ce, "Ɗana, ginin ƙasa numfashi yake yi, ku kuwa kun toshe masa hanci." Bayanin da ya yi mini daga nan shi ne wanda ya kamata in nema tun kafin in kashe kwabo. Bangon ƙasa yana shan laima daga tushe da damina, ya kuma fitar da ita idan rana ta buɗe. Siminti ba ya barin laimar ta fita, kuma ba ya motsawa tare da ƙasa idan ta kumbura ko ta tsuke, saboda haka yakan rabu da bangon ta ciki, ruwa ya sami kafa ya shiga, gara ta sami duhu da sanyi, alhali daga waje mai kallo yana ganin bango sumul.

Wannan rashi ne ya sa na fara duban tsofaffin gine-ginen ƙasar Kabi da wani ido dabam. Kusan duk abin da magabata suka gina, da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu suka gina shi. Sukan haƙo jar ƙasa a kududdufi, su kwaɓa ta da ciyawa, su bar ta ta ruɓa, su mulmula tubali da hannu, su shanya. Azara daga giginya ake tsaga ta, domin gara ba ta cin ta da sauƙi. Makuba kuwa daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, a jiƙa a haɗa da ƙasar yaɓe, ta ba bango wannan launin ja mai duhu da ke sa ruwa ya zame. Ba a ɗauko komai daga nesa ba, shi ya sa tsohon gari yake sajewa da tudun da yake zaune a kai, har baƙo ya iso bakin ganuwa bai ankara ba.

Da rani na je Surame, wadda a yau take cikin jihar Sakkwato, ko da yake duk Bakabe ya san cewa nan ce cibiyarsa. Muhammadu Kanta ne ya kafa ta a ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajejen 1516, ya mayar da Kabi daula mai cin gashin kanta wadda har da Barno ta gwabza. Abin da ya bambanta Surame da yawancin biranen Hausa shi ne ganuwarta ta dutse ce. An tsinto jan dutsen da ya lulluɓe tuddan yankin, an jera shi, an cike tsakaninsa da ƙasa. Na tsaya a gindin wani sashe da bai rushe ba, na sa hannu a kan duwatsun da rana ta gasa, na ga yadda aka zaɓi kowanne aka zaunar da shi a kan ɗan'uwansa, manya a ƙasa, ƙanana suna toshe kafofi. Kukoki sun tsaya nan da can a inda gidaje suke a da, ba a jin komai sai kukan kurciya da takun shanun wani makiyayi da ya ratsa ta wata ƙofa. A farkon ƙarni na 18 aka bar garin, sarauta ta koma Birnin Kebbi, wanda shi ma ya faɗa hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805. An sanya Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, kuma tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don dubawa. Duk da haka, abin da ya riƙe ta shekaru ɗari uku ba takarda ba ce, taurin dutse ne, kuma dutsen ma yana zubewa kaɗan-kaɗan duk lokacin da saiwar bishiya ta ratsa shi.

Tsohuwar fadar Argungu, wadda yanzu ake kira Gidan Tarihi na Kanta, labarinta dabam ne. Ginin ƙasa ne na ƙarni na 19, sarakunan Kabi sun zauna a ciki har 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Mutane sukan shiga su kalli masu da takubba da kwari da baka da tambura da kayan kamun kifi, su wuce. Ni a wannan karon kaurin bangon na tsaya kallo, da sanyin da ke tarbar mutum a cikin soro da tsakar rana, lokacin da kwanon gidajen maƙwabta yake ƙuna. Irin wannan gini ba ya kai shekara ɗari da hamsin da ƙarfin kansa. Yana kaiwa ne domin akwai mai duba indararo kafin ruwan farko, da mai toshe tsaga tun tana ƙarama. Haka hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu: ƙafar masu ziyara ba ta ɗauke ba, shi ya sa ba a bar shi ya zama kango ba.

Ɗan yayana da ke karatu a Ingila, da ya ji labarin zauren, ya turo mini hoton wani abu da ya gani a karkarar can. Kudancin ƙasar yana da tuddai waɗanda ƙarƙashin ciyawarsu alli ne fari fat, kuma a kan ɗayansu, kusa da wani ƙauye da ake kira Uffington, akwai siffar doki mai tsawon mita 110 da mutanen dauri suka yi ta hanyar haƙa ramuka a gefen tudun su cika su da dakakken alli. Masu bincike sun ce ya kai kimanin shekaru dubu uku. Abin da ya ja hankalina ba tsufansa ba ne, yadda ya tsufa ne. Da an bar shi 'yan shekaru, da ciyawa ta rufe shi ya ɓace. Mutanen yankin ne suke taruwa lokaci-lokaci su cire ciyawar, su daka sabon alli da guduma su zuba, kuma har yau ana yi. Wannan ai shi ne gayyar yaɓe da na taso na gani a ƙauyenmu, inda maza ke kwaɓa ƙasa da ƙafa, yara na jido ruwa, mata na dama fura.

Mu ma muna da namu farin dutsen. A Kalambaina, kusa da Sakkwato, ana haƙo dutsen da masana suka ce ya taru ne daga ɓawon halittun teku, tun zamanin da ruwa ya rufe wannan yanki shekaru miliyoyi da suka shuɗe, kuma da shi ake yin siminti. Ba ni da ƙorafi a kan siminti. Da shi aka yi gadoji da makarantu da asibitoci, kuma gidan da nake kwana na bulo ne. Damuwata ita ce mun ɗauke shi maganin kowace cuta, har muna shafa shi a kan abin da ba a yi su don juna ba, kuma a garin haka muka bar sana'ar magina ta tsufa tare da masu ita. Dattijon da na ambata ya gaya mini cewa cikin jikokinsa babu wanda ya iya ɗaurin guga, wato jera azara a ɗaɗɗaure ta ta yi siffar baka ta riƙe rufin soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Ba ƙyuya ce ta hana su ba. Babu mai kiran su wannan aiki, balle ya biya.

Akwai soro ɗaya da ya rage a gidan, na kakata, wanda Allah ya sa kuɗinmu bai kai gare shi ba a wancan lokaci. Mun yi shawara da 'yan'uwa cewa bana za a yaɓe shi yadda aka saba. Dattijon ya yarda zai zauna a inuwa yana nunawa, jikokinsa biyu da ɗana na fari su yi aikin, mu kuma mu biya su kamar yadda za mu biya birkila. Ya ce a fara tara ɓawon ɗorawa da zarar ta nuna da bazara, a kuma haƙo ƙasar daga tsohon kududdufin bayan gida, domin daga nan aka ɗebi wadda aka yi ginin farko da ita. Azarar zauren da ba ta karye ba mun jingine ta a ƙarƙashin rumfa. Ya ƙirga ashirin da uku da ya ce za su sake ɗaukar rufi.