Awa goma sha biyar da aka ce mini tsakanin Kano da Guangzhou

Wanda ya sayar mini da tikiti ya tabbatar mini cewa daga Kano zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin awa goma sha biyar ce, kuma a kan wannan maganar na tsayar da lokacin ganawa da masu kamfanin tayil a Foshan, wani birni kusa da Guangzhou, da safiyar 30 ga Satumba. Lissafinsa ya tsaya ne ga zaman cikin jirgi kawai: kusan awa biyar daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Adis Ababa, mai nisan kilomita kamar 3,300, sai kuma awa goma da 'yan kai daga can zuwa Guangzhou, wajen kilomita 8,000. Bai sa jiran sauya jirgi a ciki ba, bai kuma ce uffan ba game da cewa agogon Sin ya riga na Najeriya da awa bakwai.

Mun tashi daga Kano bayan azahar ranar 29, muka sauka a filin jirgin Bole na Adis Ababa da dare, muka zauna har bayan sha biyu. Ba mu daɗe da barin Habasha ba gari ya waye, domin gabas muke fuskanta, har sallar asuba ta nemi kuɓuce wa wasunmu. A lokacin ne na dubi allon da ke bayan kujerar gabana, na ga an rubuta lokacin isa da la'asar, gabana ya faɗi. Kafin in gama da jami'an shige da fice a filin jirgin Baiyun na Guangzhou, in ɗauki jakata, magariba ta yi.

Da a ce wata rana ce daban, da sai in nemi afuwa in je washegari. Amma 1 ga Oktoba ita ce ranar bikin kafuwar ƙasar Sin, kuma hutun mako guda ake yi, kamfanoni da dama a rufe. Haka na zauna ina biyan kuɗin masauki da abinci daga cikin jarin da na zo sayen kaya da shi, sannan na biya tarar ɗage ranar komawa. Har yau idan na tuna da "awa goma sha biyar" ɗin nan raina sai ya ɓaci, domin mutumin da sana'arsa ke nan bai kamata ya jahilci wannan ba.

Duk ɗan kasuwar da zai yi wannan tafiya, ya sani cewa lokutan da ke jikin tikiti na agogon garin da aka ambata ne, saboda haka ya dubi ranar sauka da idonsa, ya daina dogara da jimillar awoyin da wani ya faɗa masa da baki. Ya bar kwana ɗaya cur tsakanin saukarsa da kowane alƙawari, ya kuma bincika hutun Oktoba da na sabuwar shekarar Sinawa, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, tun kafin ya biya kuɗin tikiti.